Ɗanka ya san Gettysburg, bai san Burmi ba

In akwai sauran data a wayarka, yi min alfarma ɗaya kafin ka ci gaba da karatu. Shiga Google ka rubuta Gettysburg. Ba sai ka iya faɗinsa da baki ba. Wani ɗan gari ne a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda sojojin Arewa da na Kudu suka gwabza kwana uku, daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, a yaƙin basasarsu. Kafin ka ɗaga yatsa an juye maka kaya: taswira mai motsi da ke nuna maka inda kowace bataliya ta tsaya da hantsi da inda ta koma da la'asar, hotunan gawarwaki zube cikin gona, wasiƙun da kurata suka rubuta wa iyayensu mata, sunan kyaftin, sunan janar, har sunan dokin janar, darasin 'yan firamare daban, na 'yan sakandare daban, ga kuma tambayoyin da malami zai yi wa aji in an gama. Kyauta. Ko sisi ba wanda zai tambaye ka.

To, goge. Rubuta Burmi.

Ka gani? 'Yan layuka ne da Turanci, kuma galibinsu daga rahoton waɗanda suka yi harbin aka tsamo su. Burmi fa. Inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi ranar 27 ga Yuli, 1903, shi da ɗaruruwan mutanensa, a ƙasar Gombe ta yau, bayan ya bar Sakkwato ya nufi gabas don kada ya zauna a ƙarƙashin Nasara. Shekara 40 ce tsakanin yaƙoƙin nan biyu, kuma namu ne na baya-bayan nan. Nasu ya tsufa amma yana nan garau, namu ko da yake ƙanensa ne tuni gara ta cinye shi.

Kada wani ya ce ina jin haushin Amurka. Me Amurka ta yi min a nan? Ta adana kayanta, ta shanya a intanet, ta ce duk mai so ya ɗiba. Haushin kanmu nake ji, kuma na san kai ma kana ji, sai dai ka gaji da faɗa.

Abin da ya taso da maganar, 'yar ƙanwata ce. Tana wata makarantar kuɗi a nan Abuja, irin waɗanda kuɗin zango ɗaya ya isa ya sayi fili a garinmu, masu alfahari da cewa manhajarsu ta Amurka ce. An ba su aikin gida kan musabbabin yaƙin basasar Amurka. Tsakanin magariba da isha'i ta gama, da hotuna, da taswira mai launi, aka kai shago aka buga mata aka sa a leda. Ta zauna ta zayyana min Lincoln, da Janar Lee, da Janar Grant, da batun bayi, da yadda aka miƙa wuya a Appomattox a watan Afrilu na 1865, bakinta ko gargada babu. Na ji daɗi, wallahi, yarinya ce mai kai. Sai na ce, to 'yata, wane ne Aguiyi Ironsi? Ta ce, Kawu, ai titi ne a Maitama. Yakubu Gowon fa? Ta ɗan yi tunani, ta ce wannan a Asokoro yake.

Uwarta ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Kuma ba laifin yarinyar ba ne, ba ma laifin malaminta ba ne. Ka sa kanka a matsayin malamin nan. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, daga Mararaba ko Kubwa yake fitowa tun asuba, shugabar makaranta tana son ganin aikin yara mai kyau a manne a bango ranar da iyaye za su zo. Zai ba da aikin da yara za su sami kayansa a waya cikin minti biyar, ko zai ce su je su nemo labarin Satiru? A ina? Da wace taswira? Da wane hoto? Ruwa inda ya sami gangare nan yake bi.

Mu ne fa ƙasar da ta zauna, da hankalinta, da manyan farfesoshinta, ta cire darasin Tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare. Daga zangon karatu na 2009 zuwa 2010 aka daina koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa, aka cusa ɓurɓushinsa cikin wasu darussa. Dalilan da aka bayar su ne abin kuka: wai yara ba sa sonsa, wai babu aikin yi ga wanda ya karanta shi, wai babu malamai. Yara ba sa son lissafi ma, me ya hana a cire? Sama da shekara goma aka yi a haka. Yaran da suka shiga aji ɗaya a lokacin, yanzu su ne masu katin zaɓe, su ne masu zagin juna a Facebook da TikTok kan abin da ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu.

Sannan aka dawo da shi. An sanar, an sake sanarwa, an yi taro, an sake yin taro. A watan Nuwamba na 2022, a nan Abuja, aka yi bikin ƙaddamarwa, aka ce an zaɓi malamai 3,700 da za a fara horarwa, ɗari-ɗari daga kowace jiha da Babban Birnin Tarayya. Ɗari. Jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44, ka raba mata malamai ɗari ka ga abin da kowace za ta samu. Kamar a ɗaura aure ne da kiɗa da algaita, a kai amarya ɗakin da ba rufi. Sunan darasin ya koma kan jadawali, to me malamin zai buɗe ya nuna? Ina shafin da zai tura yara?

Ka ce su je ɗakin karatu. Wanne? Bi ta tsakiyar birni, tsakanin Masallacin Ƙasa da babbar Majami'ar Ƙasa, ka ɗaga kai ka ga kangon hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa. A 2006 aka ba da kwangilarsa kan naira biliyan 8 da ɗoriya, aka ce wata 22 zai ɗauka. Yaron da aka haifa a shekarar ya shiga jami'a. A wannan tsakanin Abuja ta gina gadoji, ta gina otal-otal, ta gina gidajen manya, ta rushe ta sake ginawa, ta canza wa tituna suna. Gidan littafi ne kawai ya gagara. Har ta kai a 2025 sai da uwargidan shugaban ƙasa ta roƙi masu son yi mata kyautar zagayowar ranar haihuwa su zuba kuɗin a asusun kammala shi. Allah ya saka mata, amma tsakani da Allah, ƙasa mai man fetur ce take gina ɗakin karatunta da gudummawar biki? A farkon 2025 ɗin dai, a wani otal na garin nan, an ƙaddamar da littafin Janar Babangida, kuma kafin a tashi attajirai sun yi alkawarin biliyoyin naira don ɗakin karatun mutum ɗaya. Ashe kuɗin na nan. Sun san inda suke zuwa ne kawai.

Bari in kai ka inda ka sani. Barikin Abacha. Kar ka ce ba ka taɓa zuwa cin gasasshen kifi a kasuwar bayan barikin nan ba, ko aƙalla an ba ka labari: tarwaɗa kan waya, yaji, albasa, hayaƙi na shiga ido, mata na jan hannun rigarka kowace na cewa nata ya fi. Sunan barikin na hukuma, wanda ke rubuce a ƙofa, Mogadishu. Tambayi duk saurayin da ke zaune yana suɗe ƙaya me ya sani game da Mogadishu. Zai ba ka labarin fim ɗin Black Hawk Down tiryan-tiryan, yadda aka harbo jiragen Amurka masu saukar ungulu a watan Oktoba na 1993, yadda sojojinsu 18 suka mutu. Ya sani. Ya kalla, ya maimaita, ya buga irinsa a wasan kwamfuta. Abin da bai sani ba shi ne, ranar 25 ga Fabrairu, 1941, birged ta 23 ta sojojin Najeriya ce ta shiga Mogadishu ta karɓe ta daga hannun Italiya, daga nan ta nausa zuwa Harar a ƙasar Habasha, tafiyar sama da kilomita 1,500 cikin kusan wata guda. Kakanninsa ne. Wataƙila ma kakansa na jini. Yana zaune a inuwar sunan yana cin kifi, labarin wasu yake bayarwa.

Barikokinmu kaf haka suke, littafin tarihi ne da ba mai buɗewa. Dodan a Ikoyi, inda aka mulki ƙasar nan shekara da shekaru. Myohaung da Arakan a Legas. Letmauk a Ibadan. Kalapanzin a Kaduna. Duk wurare ne a Burma, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japan cikin daji da ruwan sama da zazzaɓi. Chindit a Zariya sunan wata runduna ce ta musamman da ake jefawa bayan layin abokan gaba, kuma akwai bataliyoyin Najeriya a cikinta a 1944. Bukavu a Kano daga Kwango ya zo. Dubun-dubatan samari aka kwasa daga ƙauyukanmu, wasu da son ransu, wasu hakimi ne ya nuna su da yatsa, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa yaƙin da ba su san mafarinsa ba. Shiga sharo ba shanu. Hausa ce ma harshen bariki a lokacin, da ita Bature ke ba da oda. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta riƙa kawo wa mutane labarin yaƙin Hitila da harshensu. Malam Sa'adu Zungur ya yi wa waɗanda suka dawo waƙar Maraba da Soja. Ina shafin da ɗan sakandare zai shiga ya ga shafukan jaridar nan na shekarun yaƙi, ya karanta da idonsa? Nemo min. Ina jira.

Ka san inda za ka ga sunayen waɗanda ba su dawo ba? Shafin hukumar ƙasashen renon Ingila mai kula da kaburburan yaƙi. Rubuta Kano a gurbin sunan mahaifi, ko Sokoto, ko Katsina, ko Bauchi, ka ga yadda za su zubo, don da sunan gari ake rubuta soja a lokacin: wane Kano, wane Zariya, ga lambarsa, ga bataliyarsa, ga ranar da ya mutu. Tsigar jikinka sai ta tashi. Kuma ita kanta hukumar ta fito a 2021 ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka yi wa Turawa. Wato wanda ya yi mana wariya har a kabari, shi ne dai ya fi mu riƙe sunayen matattunmu. Wannan wane irin abin kunya ne?

Ba sai an je Burma ba ma. Ƙasar da muke takawa a Abujan nan filin daga ce. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, da mayaƙan jihadi suka fitar da shi daga Zariya, Zuba ya sauka, Zuban da kake wucewa kullum kana tsaki saboda cunkoso. A Lapai aka kashe shi a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, garin da ya yi ta kare kansa har zuwan Turawa a 1902, wanda muka karɓe wa suna muka bar shi da Suleja. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin nan, an fassara shi zuwa Turanci aka buga a 1952. Yara nawa ne a Garki ko Wuse suka taɓa ganin bangon littafin? Ka bi hanyar Nyanya ka wuce Mararaba ka isa Keffi. A nan ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba na 1902, ya tsere zuwa Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu, Gwamna Lugga kuma ya sami hujjar da yake nema. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, sai Burmi. A 1906 aka shafe Satiru daga doron ƙasa, aka kuma afka wa Haɗeja. Labari ne mai kai da gindi, mai jarumai da maciya amana, wanda da na Amurkawa ne da yanzu ya zama fim goma. Makarantun Abuja sun fi son kai yara yawon buɗe ido kantin zamani su sha askirim.

Akwai kuma ɓangaren da ba ma son ji, shi ya sa ma ya kamata a koyar. Sojojin da suka fasa ganuwar Kano ba duka Turawa ba ne. Turawan 'yan tsiraru ne, masu riƙe da bindigogin yawancinsu 'ya'yanmu ne. Rundunar sojan Najeriya da kanta tana kai asalinta ga 'yan Hausawan da Baturen nan Glover ya tara a Legas a 1863, shekarar Gettysburg ɗin nan dai. Yaro ya cancanci ya san wannan, ya juya shi a ransa, ya tambayi malaminsa dalili. Tarihin yaƙi ba kirari ba ne.

Sai babban gyambon, yaƙin basasarmu, wanda kowa ke kewaye shi. An yi harbin farko ranar 6 ga Yuli, 1967, an rufe ranar 15 ga Janairu, 1970. Wata 30. Mutum nawa suka mutu? Wani littafi ya ce dubu ɗari biyar, wani ya ce miliyan ɗaya, wani biyu, wani uku. Dubi tazarar nan don Allah. Tsakanin ƙiyasi da ƙiyasi akwai rayuka miliyan biyu da rabi da ba mu san ko sun mutu ko ba su mutu ba, kuma ba mu damu mu sani ba. Amurka, bayan nata yaƙin, ta tattara rahotannin hafsoshi, da umarnin da aka bayar, da wasiƙun ɓangarorin biyu, na masu nasara da na waɗanda aka ci, ta buga su kundi 128, kuma yau duk suna intanet. Mu me muka buga? Ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci. Magana mai daɗi, kuma ta yi amfani a ranarta. Amma mun mai da ita marfin tukunya. Abin da ya rage mana shi ne littattafan janar-janar, kowa na wanke kansa yana shafa wa ɗan'uwansa: Obasanjo ya rubuta nasa, Alabi-Isama ya rubuta nasa yana ƙaryata shi, Madiebo ya rubuta daga ɗaya ɓangaren. Kurtun da ya tsallaka Kwara a Onitsha cikin ruwan harsashi, ya ga abokansa na nutsewa, ba wanda ya miƙa masa alƙalami.

Ga abin dariyar da ba daɗi. In ɗalibi a Jami'ar Abuja yana son ganin takardun gwamnati na ainihi kan yaƙin basasarmu, mafi sauƙin wurin da zai samu shi ne shafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka. Suna nan an baje su: saƙonnin jakadu, bayanan da aka kai wa Shugaba Nixon kan Biyafara, abin da suka ce game da Gowon da Ojukwu a bayan idonsu. Namu takardun fa? Sirri. Shekara hamsin da ɗoriya, sirri. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan da ƙarfinta, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuwa sai ka rubuta wasiƙa ka bi ta da ƙafa har takalminka ya cinye. Kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam ya zauna, mutane suka yi kuka a gaban talabijin, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Wa ake ɓoye wa? Baƙi sun riga sun sani. Mu masu gidan ne kawai aka rufe wa ido.

Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da aji bai koya masa ba, waya za ta koya masa. Ɗan Arewa ya tashi bai san komai ba sai 15 ga Janairu, 1966, daren da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ɗan Gabas ya tashi bai san komai ba sai kisan da aka yi wa 'yan'uwansa a garuruwan Arewa a shekarar, da Asaba a watan Oktoba na 1967, da yunwar da ta cinye yara. Kowanne gaskiya ya riƙe, amma rabinta. Su haɗu a ƙarƙashin wani bidiyo, wanda wani ɗan tasha ya haɗa a ɗakinsa don neman mabiya, su yi ta tsine wa iyayen juna har gari ya waye. Sannan manya su hau mumbari suna mamakin inda ƙiyayya ta fito. Daga shirunku ta fito, ranku ya daɗe.

Amma biki kam, mun iya. Duk 15 ga Janairu a rufe hanyoyin da ke kewaye da Dandalin Eagle, a yi fareti, a busa bigila, a harba igwa, manya su jera furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, kowa da ɗan bajensa a ƙirji, sannan a saki fararen tattabaru. A 2021 tattabarun ma ƙin tashi suka yi, aka buɗe keji aka yi ta kora suna zaune abinsu. Ban ga laifinsu ba. Sojan da ba a san sunansa ba, a wasu ƙasashe, mutum ɗaya ne da ke wakiltar 'yan kaɗan da aka kasa ganewa. A wurinmu kusan duka rundunar ce.

Je ka Washington ta waya. Bangon tunawa da yaƙin Vietnam yana ɗauke da sunaye sama da 58,000, kuma akwai shafin da za ka rubuta kowane suna ya fito maka da hoton mai shi, da garinsu, da ranar da ya faɗi. Tun shekarar 2000 majalisarsu ta yi doka cewa babban ɗakin karatunta ya riƙa tattara hirarrakin tsofaffin sojoji, kuma jikoki da 'yan makaranta ne ke ɗaukar da yawa daga ciki su aika. Yanzu juyo gida. Mun tura sojoji Laberiya a 1990, muka tura Saliyo, muka kashe biliyoyin daloli, aka riƙa dawo da gawarwaki. Su nawa ne? Su wane ne? Tun 2009 muke yaƙi a Arewa maso Gabas. Ka bi hanyar filin jirgin sama, ka leƙa maƙabartar sojoji ta ƙasa, ka ga yadda layukan kaburbura ke ƙaruwa. Mun san Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya faɗi a Malam Fatori a watan Nuwamba na 2016, don jaridu sun ɗauka. Yaran da suka faɗi tare da shi fa? Na Metele a 2018 fa? Nuna min shafi ɗaya na hukuma inda marayan soja zai rubuta sunan ubansa ya ga an ce, ga shi, ƙasa ta san da shi. In ka tambaya a ce maka faɗin adadi zai karya gwiwar dakaru. Wai ɓoye mutuwar abokinsa ne zai ƙarfafa masa gwiwa, shi da ya ɗauko gawar a kafaɗarsa.

Kar kuma a ɗauka na ce Amurkawa waliyyai ne. Ina! Shafukan nan masu ƙyalli da idon mai gida aka tsara su. Bangon nan ba ya ɗauke da sunan ko mutum ɗaya cikin miliyoyin 'yan Vietnam da suka mutu. Kisan ƙauyen My Lai na 1968 sai da aka yi fiye da shekara ana rufa-rufa kafin ya fasu. Sun shiga Iraƙi a 2003 da labarin makaman da har yau ba a gani ba. Sai dai ko abin kunyar tasu, in an matsa, yana fitowa ya shiga kundi, ɗalibi ya karanta ya yi musu da gwamnatinsa. Haɗarin da nake hangowa shi ne ɗanka da ya koyi ma'anar yaƙi daga wurinsu kaɗai: a ransa jarumi fari ne mai jirgin sama, wanda ake jefa wa bam kuwa wani mai rawani ne da ba shi da suna. Bai lura ba, mai rawanin nan da kawunsa yake kama.

Za a ce babu kuɗi. Ƙarya ne. Na'urar ɗaukar hoton takardu nawa take? Ba ta kai tayoyin motar rakiyar babban sakatare ba. Takardu suna nan jibge a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Ibadan, da Inugu, ga Gidan Arewa, ga gidan tarihin yaƙi a Umuahia mai motocin sulken da Biyafara ta ƙera da hannunta. Ma'aikatan wuraren nan suna iya bakin ƙoƙarinsu da ƙura da zafi da rashin wuta. Ɗan abin da aka ɗauka aka sa a intanet daga Kaduna, da tallafin Ɗakin Karatu na Birtaniya aka yi, a shafinsu kuma yake zaune. Wasu matasa sun gaji da jira sun kafa Archivi.ng, suna bin tsofaffin jaridu shafi-shafi suna ɗauka da gudummawar jama'a. Yara da karo-karo suna yin aikin da ma'aikatu masu kasafin kuɗi da daraktoci da motoci suka kasa. In ka kai wa ma'aikatar shawara, me za a yi? Kwamiti. Taron bita a otal, jaka mai tambari, kuɗin zama, hoton rukuni. Shafin da za a buɗe kuwa, bayan wata shida ka shiga ka tarar da hoton minista da jawabin maraba, sauran duk ana kan aiki.

Mu ma iyaye ba mu tsira ba. Wayar da ke hannunka ta ɗauki kamu, ta ɗauki dina, ta ɗauki saukar Alƙur'ani, ta ɗauki ragon layya tun yana tsaye har ya zama suya. Tsohon da ke zaune a zauren gidanku, wanda aka ce ya yi yaƙin Ojukwu, mai tabo a ƙwauri, wanda yara ke tsokana in ya fara labarin Inugu, ka taɓa zama ka danna masa rikoda na rabin awa? Na Burma sun tafi, saura ɗaiɗaiku in ma akwai. Na basasa duk sun haura saba'in.

Kuma ba ɓata suka yi ba, gwamnati ta san inda suke. Ita ke kiransu tantancewar fansho, su taso daga Zuru, daga Biu, daga Langtang, da sanduna da tsofaffin takardu a leda, wasu lokutan har su shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a nan Abuja suna neman haƙƙinsu. Ga su a layi, ɗaruruwa, kowanne da yaƙi guda a cikin kansa. A ɗauki hoton fuskarsa, a ɗauki zanen yatsarsa, a tabbatar bai mutu ba. Ba mai cewa, Baba, a wace bataliya ka yi, wa ya faɗi a gefenka, me ka gani a Abagana? Abin da zai ji daga bakin yaron da ke bayan kwamfuta shi ne sabis ya ɗauke, ya dawo gobe.